Faifan Gwiwar Irmgard

Karo na bakwai ke nan sakatariyar likita tana danna maɓallin, amma kwamfutar ta haɗiye faifan ta yi mirsisi. Ba ta karanta ba, ba ta kuma tofo shi ba, sai gurnani take yi kamar tsohon firij.

Faifan na Irmgard Pohlmann ne, hoton gwiwarta ke ciki. Asibiti ya ba ta ta kawo da hannunta, don a garin Bielefeld haka likitoci biyu da ke titi ɗaya suke aika wa juna hoto. Wata huɗu ta yi tana jiran yau, kuma likita ya ce ba zai sa ranar tiyata ba sai ya gani.

"Kin kashe kin kunna?" in ji Irmgard.

"Madam Pohlmann, ba ni da izinin kashewa. Na tura wa kamfanin gyara takarda ta na'urar faks."

"Yaushe za su zo?"

"Cikin kwana goma na aiki."

Irmgard ta shekara talatin tana aikin ofis, ta san halin waɗannan akwatunan. Ta zare fil daga gashinta, ta dogara sanda ta zagaya bayan teburin sakatariya, ta soka a ɗan ramin da ke gaban injin. Faifai ya fito. Ta goge shi da gefen riga, ta hure ƙura, ta mayar. Sai ga gwiwarta a allo, ƙashi yana gugar ƙashi. Daɗi ya kama ta, har ta ji ƙwalla.

Sakatariya ta yi tsalle ta rufe allon da jikinta. "Wannan sirrin majiyyaci ne!"

"Ke, gwiwata ce fa! Tare muke kwana."

"Ba ki cike takardar neman gani ba. Kuma tunda baƙon hannu ya taɓa injin, doka ta ce a rufe shi sai an bincika." Ta zare wayar wutar injin daga bango. Ashe izinin kashewa ya samu.

"To ba ni faifaina."

"Yana cikin abin da za a bincika. Sha huɗu ga Maris ya yi miki?"

Irmgard ta karɓi katin sabuwar ranar ganin likita ta fita. Ofishin likitan ƙashin a hawa na uku yake, lif ɗin hawa bene kuma yana jiran nasa mai gyaran. Ta kama ƙarfen bene, ta fara sauka da ƙafa ɗayan da ta rage mata mai lafiya.