Tsintsiyar da Ta Share Fortunato

Marleni Allcca ba ta son datti, ko a ɗaki ko a kwamfuta. Da ta kama aiki a ƙaramin gidan rediyon unguwarsu a Huanta, ta tarar da kwamfutar cike maƙil da tsofaffin sanarwa da tallan maganin kaji, har takan tsaya cak ana tsakiyar shiri. Sai ta rubuta mata 'yan layukan umarni: kullum da safe a leƙa foldar shirye-shirye, duk fayil ɗin da ya haura shekara a share shi, ba tambaya. Ta sa wa abin suna Tsintsiya. Rómulo mai gabatar da shirin safe yakan tsokane ta, wai injiniya ta samo 'yar aikin da ba ta ci, ba ta gulma.

Ana gab da bikin matattu Doña Teófila Ccahuana ta zo da wani tsohon faifan kwamfuta ƙulle a mayafinta. Ɗanta Fortunato ya taɓa karanta saƙonni a rediyo, kafin shekarun nan da masu bindiga suka riƙa ɗauke mutane daga gidajensu. Shi ma an ɗauke shi, ba gawa, ba kabari. Kaset ɗaya ya rage mai muryarsa. Wani limamin coci ya sa an juye shi a faifan tun da daɗewa, kaset ɗin kuwa danshi ya cinye. Abin da tsohuwar ke so bai taka kara ya karya ba: ranar bikin, in ta jera wa ɗanta tanta wawa, burodin nan mai siffar jariri, da dafaffiyar masara a tebur, a saka muryarsa a rediyo, ya ci abincinsa yana magana.

Faifan yana ta ƙas-ƙas, da kyar ya buɗe. Marleni ta yi maza ta kwashe fayil ɗin zuwa foldar shirye-shirye, kuma ta kwashe shi yadda masu aikin ke yi, da kwanan watansa na asali don kada tarihi ya ɓace. Tana gamawa faifan ya mutu murus. Rómulo ya ce sun tsallake rijiya da baya. Ita kuma ta ce gobe za ta ajiye kwafi a wani wuri. Gobe dai, jarin rago.

Washegari ta buɗe foldar, wayam. Ta sake dubawa, ta nemi sunan ta ko'ina, babu shi. Tsintsiya ba ruwanta da ranar da abu ya shigo, kwanan watan da ke jikinsa take dubawa. Ta ga Fortunato tsoho ne, ta yi aikinta. Marleni ta gwada tono shi, ashe shirin Rómulo na safe, mai tsawo kamar wa'azi, ya riga ya hau gurbinsa. Ta naɗe mataccen faifan a leda ta kai firjin mai shagon kusa, ko sanyi zai farfaɗo da shi. Ya fito da sanyinsa, shiru kake ji. Ta ji ta tsani hannuwanta.

Rómulo ya rufo ƙofa ya rage murya.

"Injiniya, kunnen tsohuwa ne fa. Ni sai in karanta saƙonnin, ke ki zuba ƙarar kaset a kai. Wa zai sani?"

"Uwarsa," in ji ta.

Ta hau tudu zuwa gidan Doña Teófila. Ta same ta a tsakar gida tana kwaɓa burodi, tana manna wa kowanne 'yar fuskar jariri. Marleni ta tsuguna ta faɗa mata komai, ba ta laɓe bayan kwamfuta ba, ta ce umarninta ne, da hannunta ta rubuta. Tsohuwar ba ta fahimci zancen kwanan wata ba, ba ta kuma nemi a maimaita ba. Ta dai gane babu shi. Ta daɗe tana goge garin hannunta a zani, ko hawaye ba ta yi ba, kuma wannan ya fi kuka ciwo.

"'Yata, ni ban da abin kunna faifan nan. Rabona da muryarsa tun kaina bai yi fari ba, ta fara ɓace mini. Amma ke jiya kin ji shi, ko? Zauna ki faɗa min me ya ce."

Marleni ta buɗe baki. Jiya ta kunna shi kam, don ta tabbatar yana aiki. Ta ji wani saurayi ya gyara murya zai fara magana, ta ga lafiya lau, sai ta kashe ta tafi cin abincin rana.

Tsohuwar ta jawo mata kujera, tana jira.