Jirgin da Aka Ɗauka Gadi

Pak Sutarmin, wato Malam Sutarmin a harshensu, ya shekara goma sha tara yana gadin wata masana'antar wayar lantarki a garin Cikarang, kusa da Jakarta. Ranar nan shugabar tsaro, Bu Widuri, wato Malama Widuri, ta tara masu gadi ta nuna musu wani ɗan jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu, wanda zai riƙa zagaya katanga yana ɗaukar hoto.

"Wannan ba ya gyangyaɗi, ba ya shan taba, ba ya neman hutun Sallah," in ji ta.

"Allah ya sanya alheri, Bu. Sai a ɗinka masa kaki," in ji Sutarmin.

Kafin ya shiga gadi ya daɗe yana gyaran babur, kunnensa ya san kukan ƙarfe. A wata na uku ya ji jirgin yana ƙugi kamar an zuba yashi a injin markaɗe. Ya je ya sami Bu Widuri a ofis.

"Bu, boris ɗin da farfelar baya ke juyawa a kai ya kusa cikawa. Gishirin iskar teku da ƙura sun cinye shi."

"Pak, wannan fa ba acaɓa ba ne. Akwai na'urar da ke faɗa mana lafiyarsa, ta ce ƙalau yake."

"To, tunda na'ura ta faɗa, wane ni."

Ranar da manyan kamfanin suka zo daga Jakarta ganin jirgin, an kafa rumfa, an jera shayi da soyayyar ayaba. Jirgi ya tashi, aka yi tafi. Yana kaiwa katangar gabas farfelar baya ta ƙame. Ya yi hajijiya sau uku kamar mashayi, ya tsallake katanga, ya faɗa cikin kududdufin tarwaɗar Mak Romlah, wato Inna Romlah, maƙwabciyarsu. Su manya kuwa a allon talabijin da ke nuna hoton da jirgin ke ɗauka suka ga sama, suka ga ƙasa, daga nan sai gemun tarwaɗa.

Sutarmin aka tura. Ya naɗe wando ya shiga taɓo har cinya.

"Tarmin, ɓarawon a cikin ruwana yake?" in ji Mak Romlah, tana riƙe da ƙugu.

"Bincike yake yi, Mak. Mai zurfi."

Kwamitin bincike da aka kafa ya yi sati uku yana zama, ya gano cewa iska ce mai ƙarfi, ko da yake ranar tutar bakin ƙofa ko motsi ba ta yi ba. Sutarmin ya kai musu boris ɗin a takarda, duk ya dagargaje. Aka gode masa, aka ce ya koma bakin aikinsa.

An kawo sabon jirgi, da sabuwar doka: duk inda ya tashi, masu gadi huɗu su bi shi ta ƙasa da tamfol a shimfiɗe, don su tare shi in ya faɗo. Sutarmin aka naɗa shugabansu. Safe da yamma suna sassarfa cikin rana, kai a sama, har wuyansa ya sandare, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi.