Durom Huɗu a Tsakar Gidan Hambali

Sada bai ko sauke jakarsa ba ya gan su: durom huɗu shuɗɗa jere a gindin darbejiya, cike da ruwa, ga moɗa a kan murfi. Kuma matarsa Mero ce tsugune a wurin, da cikinta wata bakwai, tana sha.

Shekara shida ya yi a kamfanin tamfol da rigar ruwa a Kano, ya san waɗannan durom kamar tafin hannunsa. A cikinsu ake kawo wani asid mai fulorin da ke hana ruwa kama yadi. Injiniyan da ke kansu ya sha ja musu kunne: abin nan ƙasa ba ta cinsa, rana ba ta kashe shi, in ya shiga jini zama yake yi. An ce a binne su. To wani marar tsoron Allah ya loda su a mota ya kai kasuwar Birnin Kudu, ga su yau a Basirka.

Ya fizge moɗar ya yi jifa da ita.

"Yaya Hambali, wa ya kawo wannan masifa gidan nan?"

Wansa ya fito daga zaure yana gyara hula, ko a jikinsa.

"Ni na sayo tun bara. Kai kana birni kana buɗe famfo, mu kuwa matanmu na tafiya da tulu."

"Guba ce a ciki."

"Sai da na kai wa liman ruwan ya duba. Launi bai sauya ba, ba wari, ba ɗanɗano. Ya ce ruwa ne mai tsarki, har alwala muke yi."

Abin da ya fi ƙona wa Sada rai ke nan. Liman bai yi ƙarya ba, abin da ya karanta ya faɗa. Waɗanda suka ƙera tsiyar ne suka yi ta ba launi ba wari, suka bar talaka ya gwada ta da hanci. Ya ɗauko gatari.

"Ajiye, Sada," in ji Hambali. "Mu ba ƙazamai ba ne. Sau bakwai muka wanke kowanne, har da ƙasa."

Sada ya tsaya da gatarin a sama.

"A ina?"

"A ina kuwa? A bakin rijiyar unguwa mana. Ruwan wankin ma can ya koma."

Mero ta dafa cikinta, ta dubi mijinta.

"To yanzu wanne zan sha?"