Ranar da Hamissou Ya Tura Kekensa

Hamissou mutumin Maraɗi ne, Allah Ya kawo shi garin Springfield a ƙasar waje ya sami aiki a wani gidan burodi. Ba mota, ba lasisi, sai wani tsohon keke da yake bin gefen babbar hanya da shi, inda motoci ke wucewa kamar an koro su. Minti ashirin ya isa.

To, da bazara sai aka fara gyaran hanyar. Aka jera gangunan roba, aka cinye gefen da yake bi, aka kafa allo da hoton keke an ja masa jan layi. Masu keke sai su zagaya ta cikin unguwanni, kusan awa guda, hawa da gangara. Sau biyu ya makara a mako ɗaya. Constance, mai kula da ma'aikata, ba mafaɗaciya ba ce, amma ta ce in ya yi na uku sai dai ya nemi wani wurin.

Ranar Alhamis ya tarar tayarsa ta sace. Kafin ya liƙe ta lokaci ya ƙure. Matarsa Haoua ta biyo shi har bakin ƙofa tana roƙo ya dai bi zagayen, ƙasar nan ba a wasa da allo.

Da ya iso allon ya tsaya yana duban agogo. A gida fa, inda aka hana hawa sauka ake yi. Ka tura kekenka, ka yi wa ma'aikata sannu da aiki, ka wuce abinka. Haka bawan Allah ya yi. Ma'aikatan suna ta ɗaga masa hannu ya koma, shi kuwa yana ta amsa gaisuwa.

Bai yi nisa ba motar 'yan sanda ta tsaya bayansa. Ya jingine keken, ya nufe ta da fara'a kamar yadda ake zuwa wa jandarma, 'yan sandan hanya na gida, yana laluben katin shaidarsa a aljihu.

“Tsaya nan! Fito da hannunka!”

Ɗan sandan ya dafe bindiga. Hamissou ya ƙame, hannuwa sama.

Aka daɗe ana bincikar katin. Daga baya mutumin ya sassauta murya, ya ce ba zai rubuta masa tara ba, amma hanyar nan ko mai tafiya a ƙasa an hana, sai ya juya.

“Ranka ya daɗe, ga gidan burodin can, ina hango rufinsa.”

Ɗan sandan ya girgiza kai, ya nuna masa baya.

Da minti hamsin ya makara. Constance ta saurare shi har ƙarshe, ta kawo masa ruwa, sannan ta ce ta riga ta sanar da masu wurin, maganar ta fita daga hannunta.

Ya fito ya zauna a dakalin bakin titi. Waya ta yi ta ƙara a aljihunsa, Haoua ce, ya rasa da bakin da zai ɗauka.