Ƙosan Mama Asibi da Aladen Eli

"Mama, wannan shafin ai na karanta shi jiya," in ji Alexander direban jirgin ƙasa, yana buɗe ƙunshin ƙosai. "Aladen nan har yanzu yana Inugu. Yaushe zai dawo?"

"Ƙosai ka zo saya ko alade?" Mama Asibi ta ce. "Maigida ba lafiya. Ka ci ka tafi aiki."

Ina jin su daga bakin keken ɗinkina, don katanga ɗaya muka haɗa a layin bayan tashar Kafanchan. Ni ce Regina tela, kuma duk unguwa an san ba na barin magana ta wuce ni.

Mijin Mama Asibi, Baba Silvanus Kumai, akawu ne a tasha har ya yi ritaya, ya sayi tsohuwar tafireta, ya ce shi yanzu marubuci ne. Ya aika labarai jaridun Kaduna, ya aika Zariya, har Ikko. Duk suka dawo masa, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Sun je yawo, sun ga gari." Ya jibge su a ƙarƙashin gado ya fara wani.

Mama Asibi ba ta karatu. Da takardar ƙunshi ta ƙare mata wata safiya, ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga abin da Allah ya tanada. Ranar da Baba ya gane, an ji muryarsa har gidan waya. Yana cikin faɗan sai ga Alexander da takarda duk mai, yana tambaya wa ya rubuta wannan, kuma ina sauran. Baba ya gyara tabarau, ya ce a kawo wa baƙo kujera.

Daga nan aiki ya buɗe. Masu cin ƙosai suka fara kawo masa tarihin mamaci da za a karanta a majami'a, da jawabin biki, da wasan Kirsimeti na matasa. Amma abin da ya fi so shi ne labarin Eli, manomin Godogodo da aladensa ya kuɓuce ya shiga jirgin kaya. Kullum Baba zai buga shafi guda da takardar kabon don ya fito kwafi da yawa, Mama ta ƙunsa, gari ya karanta. Ciniki ya ninka, ita kuma ta ce gwanintar suyarta ce.

A damanar 1976 ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Aka dawo da shi daga asibiti da magani da shawarar ya huta. Labari ya tsaya, alade na Inugu, Eli na neman sa a Jos. Abin ya fi ciwon damun Baba.

Ranar Laraba da hantsi ya aiko Mama ta kira ni. Na same shi a jingine da filo, tafireta a kan kujera.

"Regina, mai taka keke ba za ta kasa wannan ba. Zauna."

"Baba, ni aji huɗu na tsaya."

"Editan Kaduna ya gama kwaleji, me ya amfana mini? Zauna."

Na zauna, na fara bugawa da yatsa ɗaya. Yana faɗa ina neman harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In na yi kuskure ya ce, "Bar shi, mai zai rufe." Ya tsaya ya huta, ya ci gaba. A tsakiya na fashe da dariya har na kasa bugawa, shi ma ya yi, tari ya kama shi, Mama ta shigo tana zagin mu duka. Na manta ban sa kabon ba, sai da muka gama na lura.

"Shafi ɗaya ke nan, Baba. In sake?"

"A'a. Na gaji. Ɗaya ya isa." Ya juya ga matarsa. "Asibi, ki ƙunsa shi kamar sauran. Kada ki ɓoye."

"Kullum kai da ba da aiki," ta ce, tana gyara masa bargo.

Ya rasu ranar Asabar da rana, ana ruwa. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya rubuta wa rabin gari tarihi, fasto ne ya haɗa nasa, ya fito gajere kuma ba daɗi.

Da makoki ya wuce, Mama Asibi ta hura wuta a inda ta saba. Ban gaya wa kowa zancen shafin ƙarshen ba sai matan zumunta na majami'a, saboda haka kafin mai ya yi zafi layi ya cika: leburori, malaman makaranta, har fasto. Ta zuba ƙosai a shafin, ta miƙa wa Alexander.

"Kai ka fara tambaya. Karanta da ƙarfi. Ni ban taɓa jin ko ɗaya ba."

Ya juye ƙosan a hularsa, ya karanta. Eli ya gaji ya koma Godogodo hannu wofi, ya tarar da alade a kwance a ƙofar gida, ashe mace ce, ta dawo da 'ya'ya, ga kuma ma'aikacin jirgi a tsaye yana jiran kuɗin tikitinsu. Layi ya ɗauki dariya. Mama Asibi ta yi dariya har ta dafa gwiwa, hawaye na zuba, ƙosan da ke kasko na ƙonewa ba ta kula ba.

"Ashe haka mutumin nan yake," ta ce.

Da mutane suka watse, ta karɓi takardar daga hannun Alexander. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta lailaye ta da tafin hannu. Mai ya ratsa ta har ana hango zanen zaninta ta ciki. Ta riƙe ta a juye, ban gyara mata ba. Ta daɗe tana duba ta, jirgin Jos na busa a tasha.