Gwangwani Biyu a Kan Tebur

"Duk wanda ya sayi harsashi a kanti ya damƙa ransa a hannun baƙon da bai taɓa gani ba. Cikakken mutum da hannunsa yake ɗura abinsa."

Wendell Prochaska ne ya faɗi haka a teburin cin abinci, wata uku bayan ya yi ritaya daga shugabancin sakandaren garinsu a arewacin Montana. Shekara talatin yana koyar da gaskiya ga mutanen da ba su da ikon tashi su fita, yanzu matarsa Ardis kaɗai ta rage masa. Ita kuwa a gindin teburin ɗurin mahaifinta ta tashi, tana tsince masa kwanson harsashi tun kafin ta iya ɗaure takalmi. Ta miƙa wa mijinta dankali, ta ce, "Haka ne, Shugaba."

Dalilin wa'azin shi ne 'yarsu Renae, ma'aikaciyar jinya a Spokane. Shekara huɗu tana shiga ƙuri'ar izinin harbin barewa, sai bana ta dace. Ta ce da bindigar marigayi kakanta na wajen uwa za ta fita, tsohuwar bindigar da kantunan yankin suka daina sayar da harsashinta tuntuni. Wendell ya ce wannan aikin uba ne.

Ya tafi birni ya dawo da akori-kura cike da kwalaye. Akwai injin matsi mai dogon hannu, wanda ya ɗaure a teburin gareji da manyan kusoshi. Akwai bututun ƙarfe masu zare da ke mayar da tsohon kwanso siffarsa, su kuma zaunar da sabon kai a bakinsa. Ya sayi sikeli mai jin nauyin gashin gira, da mazurari, da ma'aunin tsawo mai baki irin na ƙaguwa, da abin datse bakin kwanso, da tulun awon albarushi, da littafin awo mai kauri wanda ya karanta gabatarwarsa sau biyu ya kuma gyara mata waƙafi. Albarushi iri biyu ya ɗauko, na babbar bindiga da na ƙaramar bindigarsa ta hannu, wadda ya ce da ita zai fara koyo. Mai kantin ya nuna masa wata gudumar roba mai rami, wadda ake cire kan harsashi da ita idan an ɗura ba daidai ba. Wendell ya ce a bar wa masu kuskure kayansu.

Ranar Juma'a da azahar, jajiberin buɗe farauta, ya tafi tashar jirgin ƙasa ta Havre ɗauko Renae. Ardis ta shiga gareji ciro kaza daga firiza, sai ta tsaya cak.

Gwangwanayen albarushi biyu ne a kan tebur, kafaɗa da kafaɗa, duka baƙaƙe, duka murfinsu a kwance.

Mahaifinta bai yi dokoki da yawa ba. Yana barin kare ya hau gado, yana shan taba a cikin mota. Amma a teburin ɗuri, gwangwani ɗaya tak yake ajiyewa, sauran suna can ɗaki daban a kulle. Dalilinsa yana zuwa coci duk Lahadi, maƙwabcinsu Verlyn Skaar, mai ido ɗaya da yatsu bakwai. Albarushin ƙaramar bindiga saurin ci gare shi. Idan ya shiga cikin babbar bindiga, ƙarfen da ke jingine da kumatun mai harbi ne ke tarwatsewa.

Ta karkata gwangwanin babbar bindigar wajen haske. Ya kamata ta ga ƙwayoyi masu kama da guntayen bakin fensir, su kaɗai. Ta gan su, ta kuma ga wasu falle-falle kamar ɓarzajjen barkono sun cakuɗe da su. Wato Wendell ya gama ɗurin ƙaramar bindigar, ya juye ragowar tulun a gwangwanin da hannunsa ya fara taɓawa.

A gefe ga sabon akwatin roba, harsasai ashirin suna sheƙi a ciki, an manna takarda da kyakkyawan rubutun Shugaba: Na Renae.

Ta kira shi a waya.

"Wendell, wanne ka fara ɗurawa, na ƙarama ko na Renae?"

"Tuƙi nake, Ardis."

"Ai da baki ake amsawa. Wanne?"

"Na Renae. A'a, dakata. Na ƙarama dai na yi ranar Talata... Me ya kai ki teburina?"

"Kaza. Albarushinka ya gauraya."

Ya yi 'yar dariyar da yake yi wa iyayen yara. "Haba, uwargida. Kowane ɗaya sai da na ɗora a sikeli. Sikeli ba ya ƙarya."

"Sikeli nauyi ya sani, Shugaba, bai san iri ba."

"Za mu tattauna idan na dawo," in ji shi, layin ya yanke.

Ta san yadda tattaunawar za ta kasance. Zai kawo hujja uku, ya jera su ɗaya, biyu, uku. Renae za ta dubi fuskar ubanta, wanda tun da ya ajiye aiki bai yi murna da komai ba sai teburin nan, ta ce, "Mama, ki bar shi mana," ta sa akwatin a aljihun riga. Yarinyar tun tana ƙarama gara ta ji ciwo da ta kunyata mutum.

Ardis ta buɗe littafin da Wendell yake rubuta aikinsa ko za ta ga kwanan wata. Shafi huɗu ta samu a kan dogaro da kai da lalacewar zamani. Babu rana, babu awo.

Ba a ganin cikin harsashi. Ta girgiza ɗaya a kunne kamar zai gaya mata wani abu. Sannan ta ɗauko filaya da farin faranti, ta sa harsashin a injin, ta kama kan, ta ja hannun ƙasa yadda ta ga mahaifinta na yi. Ta zazzage. Guntayen fensir zalla. Na biyu ma haka. Ta ji kamar ta bari haka nan, ta koma ga kazarta. Ta sa na uku. Falle-fallen nan suka bazu a farantin, ba su da yawa, kuma ba ta san adadin da ke isa ya cire wa mutum ido ba.

Ta dubi agogo. Jirgi ya iso, idan bai makara ba. Saura sa'a ɗaya da rabi.

Ta kira kantin kayan gona ta tambayi harsashin tsohuwar bindigar, ko za a dace. Mai kantin ya yi dariya. "Wannan lambar? Ardis, rabona da ita tun ina da gashi. Sai dai a yi miki oda, mako biyu."

Ta zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta jawo aljihun tebur na ƙasa. A ƙarƙashin rigunan sanyi akwai wani kwali da gefensa ya yi laushi. Harsasai ashirin ne, na ƙarshe da mahaifinta ya ɗura wa wannan bindigar a kakar da ya kwanta bai tashi ba. Ya rubuta rana da awo da fensir, rubutun na karkacewa saboda rawar hannu. A gindin kowanne akwai ɗigon jan farce, na mahaifiyarta, wanda yake sawa don ya gane nasa. Shekara goma sha ɗaya ba ta bar kowa ya taɓa kwalin ba. Ƙanenta ya roƙa sau biyu ta hana.

Harsasan sun dushe, na Wendell kuwa sheƙi suke. Ta kawo tsumma da abin goge farce, ta zauna a teburin kicin tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Ta goge jan ɗigon, ta murza tagullar har ta yi haske, ta jera a akwatin roba. Duk motar da ta wuce a titi sai ta ɗaga kai. Na Wendell ta zuba su a gwangwanin biskit ta kulle a but ɗin motarta, don ta kai wa ƙanenta, shi yana da gudumar masu kuskure. Gaurayayyen albarushin ta watsa a kunyar tafarnuwa ta bi shi da ruwa. Farantin kawai ta ajiye a saman kabad, za su yi maganarsa ranar Litinin idan Renae ta hau jirgi. Tana wanke hannu ta ji hon.

"Mama, warin me nake ji? Farce kika yi?"

"A shekarun nan nawa? Zo ki ci abinci."

Da safe uba da 'ya suka fita. Ardis ta tsaya a baranda da kofin gahawa da ba ta kurɓa ba. Ta yarda da hannun mahaifinta, amma hannun nan yana rawa a kakar ƙarshe, ita ta gani da idonta. Ƙasar shimfiɗe take har iyakar gani, ƙara na tafiya mil da yawa. Wajen ƙarfe tara ta ji harbi ɗaya daga gabas. Ta saurari na biyu, bai zo ba. Ta duba wayarta, ta ajiye, ta sake dubawa. Idan lafiya, za su tsaya feɗe dabba. Idan ba lafiya, ba ta nan hanyar asibiti ta bi ba.

Sai kusan sha ɗaya akori-kurar ta shigo. Renae ce ke tuƙi. Ta diro, jini har gwiwar hannu, duk na barewa. Ardis ta kama fuskarta da hannu biyu tana dubawa.

"Mama, lafiya? Sake ni, ina ƙarni."

"Harbi ɗaya!" in ji Wendell yana zagayowa. "Taku ɗari biyu da wani abu. Ardis, ina fata yanzu an gamsu. Aikin hannu daban ne."

Renae ta laluba aljihu ta ciro kwanson da ta harba, ta damƙa masa. "Riƙe, Baba. Na farko da ka ɗura."

Ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga falo ya matsar da hoton bikinsu, ya tsayar da kwanson a tsakiyar kanta, ya ja baya yana kallo. Ardis ma ta kalla daga bakin ƙofa. Sannan ta ɗaura gyauton aiki, ta tambayi Renae inda ta ajiye wuƙa.