Kwat ɗin Mai Katifa

Mai Katifa ya fara da kafet. Ya naɗe shi, ya ja shi waje, ya dawo ya tsaya yana kallon abin da ke ƙarƙashi. Ƙura ce kwance, lallausa kamar an tankaɗe ta. Kunya ta kama shi, alhali babu mai kallonsa.

Jikarsa ce ta jawo wannan aiki. 'Yarsa ta samu aiki a kantin magani, tana neman inda za ta riƙa barin yarinyar da rana. Shi ya ce a kawo masa. Sai dai duk zuwan da yarinyar ta yi gidan, idonta ya yi ja, hanci ya toshe, ƙirji ya kama ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Baba, likita ya ce ƙura ce, da burbushin auduga," in ji 'yar a waya. "Gidanka kuwa auduga har cikin tukunya. Za mu zo ranar Asabar mu gwada. In abin ya tashi, gidan surukata zan riƙa kai ta."

Gidan surukar yana can ƙarshen gari. Ya san in aka fara kai ta can, sai dai ya riƙa jin girmanta a waya.

"Ku zo," ya ce.

Shagonsa a ɗakin gaba yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da falo. Ya kwashe buhunan auduga da yankakken soso, ya ɗora a baro, ya tura zuwa rumfar maƙwabcinsa Mai Walda, wanda ya ba shi aron lungu.

"Tsoho, wannan kwasar kaya fa? Amarya za a kawo?" in ji Mai Walda.

"Amarya mana. Mai tsada kuwa, ko ƙura ba ta shaƙa."

"To a yi mata a hankali, kada ta ga furfura ta gudu."

Ya sauke labulaye, ya jiƙa su a ruwan zafi. Ya ɗauki tsintsiya, sai ya tuna 'yarsa ta ce shara tayar da ƙura take yi, ba kashe ta ba. Ya jingine ta. Ya durƙusa da jiƙaƙƙen tsumma, gwiwoyinsa suna ƙorafi, ya bi ƙasa lungu-lungu. Ya hau kujera ya goge fukafukan fanka, tsumman ya dawo baƙi ƙirin. Ya kankare bango inda danshi ya yi kore a bayan randa. Katifar da yarinyar za ta kwanta ya ɗinka mata riga ta leda mai laushi, ya rufe da zanen da ya sha wanki da rana. A rayuwarsa bai taɓa ɗinki a hankali haka ba, har don masu kuɗi.

Ranar Asabar falon ya zama fayau, murya na amsawa a ciki. Ya duba ko'ina, ya gamsu. Sai ya dubi kansa. Singileti da tsohon wando. Ba haka ake tarbar baƙo ba. Ya shiga shagon da ya zama kango, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburin yanka, ya fito da kwat ɗinsa na ulu, wanda rabonsa da shi tun bikin 'yar. Ya kaɗa shi sau ɗaya, ya saka. Ya ɗan matse shi a ciki, amma ya ji ya koma mutum.

Suka iso da hantsi. 'Yar ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli ƙasa, ta kalli taga, ta shafa saman kabad ta duba yatsarta.

"Baba, kai kaɗai ka yi wannan?"

"Da wa zan yi?"

Yarinyar kuwa ta ruga ta faɗa jikinsa, ta cusa fuska a ƙirjinsa.

"Tsoho, yau ka yi gayu! Wa za ka burge?"

"Ke mana, amarya. Ko kin samu wani?"

"Na samu. Mai haƙora."

Suna cikin dariya ta yi atishawa. Ta sake. Sai tari ya biyo, busasshe, sannan ƙarar nan da ya sani ta fara fita daga ƙirjinta. Uwar ta janye ta, ta zaunar da ita a bakin taga, ta zaro abin shaƙa daga jaka.

"Ja a hankali. Riƙe. Yawwa, sake."

Mai Katifa ya tsaya tsakiyar falon, hannuwa a sake. Ya dubi fanka, ya dubi bango, yana neman inda ya bari. Bai gani ba. Ya matso zai dafa kan yarinyar, 'yarsa ta ɗaga masa hannu, ta yamutsa hanci.

"Baba, ina ka ajiye wannan kwat ɗin?"

"A akwati. A shago."

Ta buga kafaɗarsa da tafin hannu. A cikin hasken taga ƙura ta tashi fara fat, da warin kafur. Ya tsaya yana kallon ta tana yawo a ɗakin da ya goge da gwiwoyinsa.

Ya fita. Ya tuɓe kwat ɗin a waje, ya cusa a leda, ya ƙulle bakin. Ya yi wanka, ya cuɗa gemu da gashin kai har fatar ta yi zafi. Ya ciro wata tsohuwar riga daga igiyar shanya, ya zura. Da ya dawo bai shiga ba. Ya zauna a dokin ƙofa, yana sauraron numfashin yarinyar daga nesa.

Ƙarar ta ragu, ta ɓace. Yarinyar ta leƙo.

"Tsoho, ina gayun?"

"Ya tafi wanki."

"Ka fi kyau da shi."

"Na sani."

Ta taho za ta hau cinyarsa. Ya dubi uwar. Uwar ta gyaɗa kai. Yarinyar ta kwantar da kai a ƙirjinsa, tana wasa da maɓallin rigar. Shi ko motsi bai yi ba. Su biyu suka kasa kunne, shi da 'yarsa. Iska na shiga, tana fita, babu ƙara.

An jima a haka. 'Yar ta tashi, ta ɗauko jiƙaƙƙen tsumma, ta goge inda ya tsaya ɗazu.

"Litinin da safe zan kawo ta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma in ka dawo daga rumfa, wanka kafin ka taɓa ta. Kullum, Baba."

"Kullum."

"Ni zan riƙa dubawa," in ji yarinyar. Ta kama kunnensa ta leƙa ciki. "Nan ma ba ka wanke ba."